Soket ɗin gareji da fulogin injin walda: yadda ake haɗa su ba a ƙona gida ba

Kwanakin baya wani dattijo maƙwabcinmu ya aiko yaro wai in zo in duba masa soket ɗin gareji, ya lalace. Tun daga bakin ƙofa warin ƙonanniyar roba ya tarbe ni. Soket ɗin irin farin nan ne na 13A da kowa ke da shi a ɗaki, amma ramin dama ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta zubo kamar kyandir ta daskare a jikin bango, fulogin kuma ya manne a ciki sai da na sa filaya na ɓamɓaro shi. Da na kwance fulogin, wurin da fiyus ya kamata ya zauna sai na tarar da guntuwar ƙusa. Na ce Baba wa ya yi wannan aikin? Ya ce ɗansa ne, ya tara kuɗi ya sayo ƙaramin injin walda yana son in ya taso daga wurin ogansa ya riƙa ɗan haɗa taga da ƙofa a gida, kan wayar injin bai shiga soket ba sai ya yanke ya sa wannan, fiyus kuma kullum sai ya tsinke shi ne ya gaji ya sa ƙusa. Baba ya ce kai dai sayo mana sabon soket mai kyau ka mayar. Na ce Baba wallahi ko goma na sayo haka za su ƙare ɗaya bayan ɗaya, kuma wata rana ba a soket abin zai tsaya ba, ga jarkar fetur ta janareta can a lungu.

Toh wannan ne ya sa na zauna rubuta wannan bayani, don matsalar ta yi yawa tunda ƙananan injinan nan masu ɗaukuwa a kafaɗa suka cika kasuwa. Kowa tambayarsa ɗaya, wai wane adafta zan saya kan injina ya shiga. Ɗan uwa ba maganar shiga ba ce. Abu huɗu ne a jere, bireka (makunnin nan da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta in an ja fiye da kima), waya, soket, fulogi, kuma injin ne yake faɗin girman da kowannensu zai kai, ba soket ɗin da ka tarar a bango ba. In ɗaya a cikinsu ya gaza, nan wurin ne zai yi zafi.

Fara da karanta jikin injin

Juya injin, a baya ko a ƙasa akwai wani ɗan allo mai layi-layi da lambobi, yawanci mutane ba sa ko kallonsa, hankalinsu na kan babbar lambar nan ta gaba, MMA 250, MMA 300, har 400 zaka gani a jikin abin da bai fi girman burodi ba. Wannan lambar ta gaba ba ita ce wutar da injin ke ja daga bango ba, ita wutar da yake fitarwa ce a bakin tsinken walda, kuma a injinan araha ma sau da yawa cika baki ne kawai, bai kai rabin haka ba. Abin da kake nema a allon abu uku ne. U1, wato ƙarfin wutar da ake ba shi, in ka ga 220V ko 230V toh na layi ɗaya ne irin wutar gida, in ka ga 380V ko 400V na layi uku ne, wannan kam ba zancen soket ɗin gida ba ne gaba ɗaya. Sai I1max, iyakar amfiyar da yake ja in ka mure shi zuwa ƙarshe. Sai I1eff, wanda shi ne kamar matsakaicin abin da waya za ta ji in an haɗa da hutun da injin ke yi.

Rabon aiki da hutun nan shi ne wanda ake rubutawa da X ko kashi cikin ɗari, lambar ta lokacin aiki ce, kuma a kan minti 10 ake lissafa shi. In an rubuta 60% ma'ana ka yi minti 6 kana walda ka ba shi minti 4 ya huce. Misali injin da I1max ɗinsa 30A ne kuma X ɗinsa a wannan ƙarfin 25% ne, I1eff ɗinsa zai faɗo wajen 15A. A ƙa'ida I1eff ake bi wajen zaɓen waya da bireka, ba a taɓa yin ƙasa da shi. Amma ni dai a nawa aikin na fi karkata wajen I1max, saboda dalili biyu, na farko zafin garinmu, watan Afrilu cikin gareji mai rufin kwano waya ta riga ta ɗau zafi tun kafin ka kunna komai, na biyu kuma wutarmu ba kullum take cika 230V ba, kuma shi injin inbata, wato irin ƙaramin nan mai ɗaukuwa a kafaɗa, in wuta ta yi ƙasa ƙara jan amfiya yake don ya cike gurbi, kaga zafin waya ya ƙaru kenan daidai lokacin da kake ganin kamar wutar ba ta da ƙarfi.

Bari in nuna maka lissafin da ya sa soket ɗin Baba ya narke, don in ka gane wannan ka gama gane komai. Fulogin 13A a kan 230V iyakarsa 13 sau 230, wato 2990W, ka ce kilowat 3. Shi kuma tsinken walda geji 10, wato 3.2mm wanda aka fi yin ƙofa da gate da shi, yana son wajen 90A zuwa 130A. A ce ka sa 120A, ƙarfin wutar bakin tsinken kusan 25V ne, 120 sau 25 ya ba ka 3000W. Kaga tun a bakin tsinke ka riga ka cinye duk abin da fulogin zai iya, ba a ma sa asarar da ake yi a cikin injin ba, wanda in aka haɗa zaka ga yana jan sama da 20A daga bango. Fiyus ɗin da yake ta tsinkewa aikinsa yake yi, yana gaya maka kayan sun fi ƙarfin jakin. Da geji 12, wato 2.5mm, a kan 70A ko 80A kana ɗan ɗigawa kana tsayawa, soket ɗin 13A mai kyau zai iya lallaɓawa, amma iyakarsa kenan, aikin gyaran kujera ko ƙafar tebur, ba sana'a ba.

In injinka irin na naɗin gida ne, mai nauyin nan da ake turawa a kan taya, wani ma a cikin mai yake, toh babu allo babu lamba. Kar ka yi ƙiyasi. Nemo mai wayarin da yake da mitar nan mai baki da ake maƙalawa a jikin waya, ya auna yayin da ake walda da tsinke mafi kauri da kake amfani da shi, kuma ka tambayi wanda ya naɗa shi ko na layi ɗaya ne ko na layi biyu, don da yawansu tsakanin layi biyu ake haɗa su, wajen 400V. Irin waɗannan sun fi na inbata jan wuta nesa ba kusa ba, kuma lokacin kunnawa suna fizgar wuta da ƙarfi.

Wane soket

Akwai na 15A mai zagayayyun ƙafafu uku da ake sa wa AC, mutane da yawa nan suke gudu in na 13A ya ba su kunya. Ya fi, ƙafafunsa sun fi kauri sun fi kamawa, amma 15 sau 230 ai 3450W ne kawai, bambancin ba shi da yawa, kuma fuloginsa babu fiyus a ciki, duk tsaron yana kan birekar da ke baya. Ga ƙaramin inji mai I1eff ƙasa da 15A ba laifi, in layinsa daban ne.

Wanda ya dace da walda shi ne shuɗin nan zagayayye mai murfi, na masana'antu, wanda zaka gani a jikin manyan janareta da wuraren gini. Kalarsa ba ado ba ce, shuɗi na wutar 230V ne, ja na layi uku ne 400V, ruwan ɗorawa na 110V ne. Yana zuwa a 16A, 32A, 63A har sama, kuma kowane girma bakinsa daban, fulogin 16A ba zai shiga soket ɗin 32A ba, da gangan aka yi haka. Na layi ɗaya ƙafa uku gare shi, ɗaya ta fi sauran kauri, ita ce ta wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa in ta taɓa jikin inji, kuma akwai ɗan tudu a jikinsa da ba zai bari ka soka shi a juye ba. In I1eff ɗinka bai wuce 16A ba kuma wayar da ta fito daga injin siririya ce, 1.5mm ko 2.5mm, na 16A ya ishe ka da birekar 16A. In ya wuce haka, ko kana da niyyar yini kana aiki da geji 10 da geji 8, tafi kai tsaye kan na 32A. Ni da za a tambaye ni, duk wanda zai ja sabon layi zuwa gareji gara ya ja wayar da za ta ɗauki 32A tun farko ko da soket ɗin 16A zai sa yau, don gobe zai canza inji ko ya ƙaro kwamfiresa, kuma fasa bango sau biyu ya fi waya tsada.

Ka sayi soket da fulogi tare, a shago ɗaya, ka gwada su a gaban mai shagon. Ya shiga da ɗan ƙarfi, in ka girgiza kar ya yi lako-lako. Ka buɗe ka kalli ƙarfen ciki, mai kyau farin ƙarfe ne mai kauri da nauyi, na banza kuma gwangwani ne aka shafa wa kala, da hannu ma zaka lanƙwasa shi. In gefen garejin ruwa na feshi da damina, nemi mai rubutun IP67, wanda ake murɗa zobensa ya kulle, in ba haka ba IP44 ya wadatar.

Waya da bireka, nan ne kuɗin yake kuma nan ne ake ha'inci

Layin walda daga akwatin bireka zai taso shi kaɗai, kar a ɗosa shi daga bayan wani soket, kar a haɗa shi da firij ko famfon borehol. Don 16A waya 2.5mm ta yi in tafiyar gajeriya ce. Don 32A littafi zai ce maka 4mm na iya ɗauka a wasu yanayi, amma waɗannan lambobin an yi su ne a kan zafin 30°C, in zafi ya kai 40°C sai ka rage kusan kashi 13 cikin ɗari, shi ya sa ni 6mm nake sawa ba na ko jayayya. Sannan ga tsawo. Wayar 2.5mm tana zubar da kusan 18mV a kowace amfiya a kowace mita, 4mm tana zubar da 11, 6mm kuma 7.3. Ɗauki gareji mai nisan mita 30 daga akwatin bireka, inji na jan 30A, a 2.5mm ka yi asarar wajen 16V a hanya, a 6mm bai kai 7V ba. In da ma wutar unguwarku 200V take zuwa, wannan 16V ɗin shi ne bambanci tsakanin tsinke yana narkewa lafiya da tsinke yana manne wa ƙarfe kana ta fizga kana zagin inji alhali ba laifinsa.

Wajen sayen waya ka buɗe ido sosai. Akwai wadda aka rubuta 6mm a jiki amma roba ce ta yi kauri, ƙarfen ciki bai kai 4mm ba, akwai kuma alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka kankare silin da wuƙa, in ciki ya fito fari ajiye musu kayansu. Ta gaske ja ce har ciki, kuma nadinta yana da nauyi a hannu.

Bireka kuma ba lamba kaɗai ake dubawa ba, akwai harafi a gaban lambar, B32, C32, D32. Mai B saurin faɗuwa gare ta, fizgar wuta ninki 3 zuwa 5 ta ishe ta, mai C sai ninki 5 zuwa 10, mai D ninki 10 zuwa 20. Injin inbata C ce tasa. Na naɗi mai fizga wani lokaci sai D, amma D tana son waya mai kauri da haɗi mai kyau kafin ta faɗi da sauri in an samu matsala, wannan a bar wa mai wayarin ya auna. Abin da nake roƙonka da shi, in bireka tana faɗuwa kar ka cire ta ka sa babba alhali wayar tana nan yadda take. Bireka waya take karewa. Ka sa 40A a kan 2.5mm, toh wayar ce ta zama fiyus, kuma a cikin bango ko cikin silin za ta ƙone inda ba ka gani. Wannan da ƙusar ɗan Baba duk abu ɗaya ne.

In da hali ƙara RCD mai 30mA a layin, ita ce ke yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum ko jikin inji. Sai dai ka sani ɓangaren bango kawai take karewa, wutar bakin tsinke ba ruwanta da ita, kuma wannan in ba a walda tana kaiwa 50V zuwa 80V ko fiye, da jiƙaƙƙen hannu ko gumi tana ja sosai, safar hannu busasshiya dole ce.

Ka leƙa mitar wutar gidanka ma. A fuskarta akwai rubutu irin 5(60)A ko 5(80)A, lambar cikin baka ita ce iyakarta. In gidan akwai AC biyu da hita da famfo, ka ƙara 30A a kai, lissafa ka gani ko za ta ɗauka, haka ma wayar da ta shigo daga fol. Maganar a zagaye mita a maƙala waya a sama kuwa, ban da laifi ne da tara in KEDCO ko wani kamfanin wuta ya kama ka, layi ne da babu bireka ko ɗaya a gabansa, in ya haɗe babu mai kashe shi sai fiyus ɗin taransifoma.

In kan injin baƙo ne

Injinan da ake kawowa sababbi daga Chana wasu da kan Turai suke zuwa, zagayayyun ƙafafu biyu da ƙarfe a gefe, wanda 'yan uwanmu na Nijar sun saba da danginsa, wasu da kan Chana mai faffaɗan ƙafafu uku a karkace, wasu kuma babu kai sam, waya ce tsirara. Kan Turan nan 16A ne, kuma in ka danna shi cikin soket ɗinmu na 13A da ƙarfi, ka tura sukuddireba a ramin sama don ƙofar ta buɗe, zai shiga amma wayar ƙasa ba ta haɗu da komai ba, ƙafafun kuma gefe-gefe kawai suke taɓawa, nan zafi ke farawa. Yanke kan ka sa shuɗi ba laifi ba ne in dai girmansa ya kai, laifin shi ne yankewa a sa wanda ya fi ƙanƙanta. In injin sabo ne mai garanti tambayi mai shago kafin ka yanke.

Na gwanjo daga Amurka su ne masu buƙatar natsuwa. Can wutar gida 120V ce da 240V, kuma 60Hz, mu kuwa 230V ne 50Hz. In allon ya ce 120V kaɗai ko 115V, kar ka kuskura, kana sokawa ya tafi, kuma ƙaramin sitef-dawun na talabijin ba zai ɗauke shi ba. In ya ce 230V ko 240V, yawanci da babban kan nan yake zuwa da suke kira NEMA 6-50, faffaɗan ƙafafu biyu da zagayayya ɗaya, na 50A. Wannan zai yi aiki a wutarmu, ka cire kan ka sa shuɗi daidai da abin da allon ya ce. Duba wurin Hz ɗin, in 50/60 aka rubuta shikenan, in 60 kaɗai ne kuma mai taransifoma ne a ciki zai fi yin zafi a wutarmu, sai ka rage masa wuta ka ƙara masa hutu. In kan mai ƙafa huɗu ne kar ka yanke sai wanda ya sani ya buɗe ya ga ko wayar ta huɗu tana aiki a ciki.

Kalar waya ita ma tarko ce. A tsohon tsarin da har yanzu ya fi yawa a gidajenmu, ja ce mai wuta, baƙa nutiral, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, koriya ta ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutiral, kore da ɗorawa ta ƙasa. A wayar Amurka kuma baƙa ce mai wuta, sai fara, sai koriya. Kaga baƙa a bangonka nutiral ce, a wayar injin Amurka mai wuta ce. A layi uku ma haka, shuɗiya a tsohon tsari layi ce mai wuta, a sabo nutiral ce. Don haka kar ka yarda da kala ita kaɗai, auna. Abu ɗaya da bai canzawa, koriya ko kore da ɗorawa jikin inji take zuwa, ba a taɓa ba ta wuta.

Ranar haɗawa

In ba ka taɓa buɗe akwatin bireka ba, wannan ɓangaren ka kira mai wayarin, kai ka tsaya a kansa da wannan bayanin ka ga ya yi daidai, ba abin kunya ba ne. Ko waye zai yi, a kashe babban makunni, a duba canji-oba na janareta, in akwai sola da inbata a kashe su su ma don suna iya dawo da wuta ta baya, kuma kar a ce ai NEPA sun ɗauke bari mu yi sauri, ba sa sallama in za su dawo. A gaya wa mutanen gida kar wanda ya taɓa. Gwada mitar gwajinka a wurin da ka san akwai wuta tukunna, sannan ka auna inda zaka taɓa, ƙaramar testar nan mai ɗan haske ba abin dogaro ba ce ita kaɗai.

Kafa soket ɗin a bango wajen tsayin ƙugu ko sama kaɗan, bakinsa na kallon ƙasa don ƙura da tartsatsi, nesa da inda ake ajiye fetur, kuma ka sa masa makunni mai murɗawa na girmansa a gefe, don ba a son zare fulogin 32A yana cikin aiki. Wayar ta bi ta cikin fayif, ba a kwance a ƙasa mota na takawa ba. A cikin soket da fulogi akwai alama, L mai wuta, N nutiral, sai alamar ƙasa a kan babbar ƙafa. Feɗe wayar daidai zurfin ramin, kar tsirara ta leƙo waje, kuma kar ka yanke wasu silin don ta shiga, duk su shiga. Kar ka shafa wa bakin dalma, tana lotsawa a ƙarƙashin sukuru haɗin ya saki daga baya. Ɗaure sosai, ka ja da hannu ka ji, ka sake ɗaurewa. A cikin fulogi bar wayar ƙasa ta fi sauran tsayi kaɗan, don in an fizgi wayar ita ce ta ƙarshen tsinkewa, maƙallin bayan fulogin kuma babbar rigar waje zai kama, ba ƙananan wayoyin ba. Yawancin soket ɗin da na gani sun ƙone, ko da girmansu daidai ne, sukuru ne bai ɗauru ba.

Kafin ka soka inji, sa mitar gwaji a wurin da take yin ƙara in akwai haɗi, bakinta ɗaya a babbar ƙafar fulogi ɗaya a jikin ƙarfen injin inda babu fenti, dole ta yi ƙara. Tsakanin L da jikin injin kuma dole ta yi shiru. Sai a kawo wuta a auna soket, L da N wajen 230V, L da ƙasa kusan haka, N da ƙasa kusan sifili. In L da ƙasa bai nuna komai ba ko ya nuna rabi, gidan ba shi da wayar ƙasa ta gaskiya, kuma gidaje da yawa haka suke, an ja koriyar waya amma ba ta je ko'ina ba. A nemo rodin ƙasa a kafa a wuri mai danshi a haɗa shi da akwatin bireka yadda ya kamata. Kar wani ya ce maka a haɗa N da ƙasa a bayan soket wai duk ɗaya ne, ranar da nutiral ta tsinke a hanya jikin injinka gaba ɗaya wuta zai zama.

Wani abu da ke rikita yara masu koyo, maƙallin nan da ake kamawa a jikin ƙarfen da ake waldawa shi ma ana ce masa na ƙasa, amma ba ɗaya suke da koriyar waya ba. Shi hanyar dawowar wutar walda ce, amfiya ɗari da wani abu ke bi ta cikinsa. Kama shi kusa da inda kake aiki, a wurin da ka goge tsatsa. In ya saki, kuma ƙarfen yana taɓa jikin injin ko wani abu mai haɗe da wayar ƙasa ta gida, wutar za ta nemi hanya ta siririyar koriyar nan ta dafa ta tun daga gareji har akwati.

Janareta da doguwar waya

I1max sau 230 shi ne abin da janareta zai ji, 30A ya kusa 7kVA kenan, kuma ana son a bar masa sarari a sama, don haka ƙananan nan na kallo da fanka ka manta da su. Ka tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna inji, ka kashe inji kafin ka kashe janareta, hawa da saukar nan ita ke kashe allon injin inbata. Inbatar sola ta gida kuwa kar ka gwada sai in an yi ta don haka. In dole sai ka ƙara waya, mai kauri 4mm ko fiye, mai sili uku, da kai shuɗi a kowane gefe, kuma ka warware ta duka, waya a naɗe zafi take tarawa.

A garejin Baba 6mm muka ja, mita 18 daga akwati, da C32 da soket shuɗi da makunninsa. Na sa yaron ya ɗauko geji 10 ya yi ta aiki a kan wani guntun angil har ya cinye tsinke biyar, sannan muka kashe makunni muka zare fulogin na ce taɓa ƙafafun ka ji. Da ɗan ɗumi kaɗan, wanda zaka iya riƙewa ba ka ji komai ba, haka ake so. In ka ji zafin da zai sa ka janye hannu, ko wari, ko ka ga robar gefen ƙafa ta fara canza kala, tsaya a buɗe a duba ɗauri. Na ce masa bayan sati ɗaya ya kashe wuta ya sake bin sukurorin nan duka, na soket da na fulogi, don jan ƙarfe yana ɗan kwantawa bayan ya sha zafi ya huce, jarkar fetur kuma muka fitar da ita daga garejin gaba ɗaya aka kai ta bayan gida.